HAWAN JINI DA CIWON SUGA A ƘASAR DAURA: AIKIN DA KE JIRAN MATASA A TSAKAR GIDA

 

Duk wanda ke zuwa jana'iza da gaisuwar mutuwa a Daura, ko Mai'aduwa, ko Zango, ko Baure, ko Sandamu a 'yan shekarun nan, ya riga ya haddace amsar da ake bayarwa idan aka tambayi abin da ya yi sanadin mamaci. Ko dai a ce hawan jini ne, ko a ce suga ne, ko kuwa a ce faɗuwa ya yi a banɗaki ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi wata biyu ana juya shi a tabarma kafin rai ya yi halinsa. Ajali dai na Allah ne, babu mai ƙara wa kansa ko daƙiƙa ɗaya. To amma Musulunci bai taɓa hana bin diddigin sababi ba, kuma jinyar shekara biyar da ke cinye gona da tumaki da kuɗin makarantar yara ba abu ba ne da za a rufe da faɗin "haka Allah Ya so" a tashi a kaɗe riga. Akwai wani ɓangare na wannan musiba da ke fitowa daga tukunyar da ake ɗorawa kullum a gida, kuma wannan ɓangaren yana cikin abin da matashi mai jini a jika zai iya sa wa hannu tun daga wannan mako.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa manya kimanin biliyan 1.3 ne ke da hawan jini a duniya, kuma huɗu daga cikin kowane biyar ba sa samun kulawar da ta kamata. A Nijeriya, bincike daban-daban na nuna kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana ɗauke da shi. Ita kuma ƙungiyar duniya mai yaƙi da ciwon suga ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon a ƙasar nan, sannan fiye da rabin masu shi a Afirka ba su ma san suna da shi ba. Wato dattijo yana nan yana fama da yawan fitsarin dare da ƙishirwa da ramewa, ko wani gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa, ana ta cewa sammu ne ko jifa, alhali awon da bai fi minti biyar ba zai faɗi gaskiyar magana. Shi hawan jini ma ya fi mugunta, domin sau da yawa ba ya sallama. Mutum yana cin kasuwarsa lafiya lau har ranar da zai yanke jiki ya faɗi.

Idan aka juya wajen magani kuwa, nan ne zaluncin tsarin da ake ciki yake fitowa fili. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayyar Nijeriya, mai masaukin baƙi, ta shafe shekaru tana yawo a wajen kashi 4 zuwa 6. Sakamakon haka fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. Aka zo aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar Naira ta faɗi warwas, kamfanin magani na GSK ya sanar a watan Agustan wannan shekara cewa zai naɗe tabarmarsa daga Nijeriya, Sanofi ma ya bi sahu kafin shekarar ta ƙare. Farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo, har da allurar insulin wadda wasu masu suga ba su da rayuwa sai da ita. Wanda ciwon ya kai ga ƙodarsa kuwa sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. A 2025 gwamnati ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga Naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, amma ko a hakan, ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 ya lissafa wanki takwas a wata ya gani, balle manomin Baure da zai haɗa da kuɗin mota.

Su masu mulki ba wannan layin suke bi ba. Mutanen Daura sun fi kowa sani. Marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garin, ya yi kwana fiye da 100 a jere yana jinya a Landan a 2017 yana kan kujerar shugaban ƙasa, kuma a can ya rasu a ranar 13 ga Yulin 2025 aka kawo shi gida aka rufe. An buɗe asibitin sojan sama a Daura a 2019, an yi gine-gine masu yawa a garin, amma ginin asibiti ba ya sayen ƙwayar da tsohuwa za ta haɗiya kowace safiya har ƙarshen rayuwarta. Neman haƙƙin talaka a kan wannan wajibi ne, kuma ba za a daina faɗa ba. Sai dai mahaifin da jininsa ya kai 180 ba zai jira ranar da tsari zai gyaru ba.

To me ya faru da tukunya? Kakannin mutanen ƙasar Daura gero da dawa da wake da gyaɗa suka ci suka rayu. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa, da daddawa a ciki. Da rana kwaɗon zogale ko rama ko tafasa da ƙuli-ƙuli, ko dambu, ko fura da nono. Yaro yana kiwo yana tsinkar magarya da kanya da aduwa da goruba. Kuma duk wanda ya ci wannan, da fartanya a kafaɗa ya ci, ko bayan ya taka sayyada daga ƙauye zuwa kasuwa. Ba ana cewa zamanin da babu cuta ba ne. An yi yunwa, an yi ƙyanda da agana, yara sun mutu da yawa, kuma waɗanda suka mutu da hawan jini a lokacin babu wanda ya auna su. Amma abin da aka tabbatar shi ne, duk al'ummar da ta bar hatsinta da ganyenta ta koma farin fulawa da suga da soye-soye, ta kuma daina motsa jiki, waɗannan cututtuka suna bin ta kamar jela. An gani a Indiya, an gani a ƙasashen Larabawa bayan samun man fetur, ga shi ana gani a nan.

A dubi karin kumallon matashin Daura a yau. Shayi da madarar gwangwani da suga cokali uku ko huɗu, da burodi. Da rana shinkafa ko taliya da mai da yaji. Da dare indomi da ƙwai a teburin mai shayi, a kora da lemon kwalba. Tsakanin nan kuma ga shayin buta a majalisa, zagaye na ɗaya, na biyu, na uku, ana zuba suga kamar ana gaba da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sugan da ake ƙarawa a ci da sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato wajen ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi alheri. Kwalbar lemo guda mai rabin lita tana iya cike wannan adadi ita kaɗai. Gishiri kuwa an ce kada ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, alhali ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kuma akwai gidan da ake jefa biyar ko shida a tukunya ɗaya sannan a bi da gishirin kansa.

Shi alkamar da ake yin burodin da taliyar, fiye da kashi 90 cikin 100 daga ƙasashen waje ake shigo da ita. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, bayan ta ƙaƙaba wa jama'a shirin SAP na su IMF da Bankin Duniya a 1986, amma zuwa 1992 an janye hanin, domin harshe ya riga ya saba kuma masu cin riba ba su yi barci ba. Abin takaici, manomi zai kai geronsa da wakensa kasuwar Mai'aduwa ya sayar, ya juyo ya sayi taliyar leda da lemo ya kai wa iyalinsa a matsayin tsaraba, yana ganin ya ci gaba. An sayar masa da cutar, gobe kuma za a sayar masa da maganin, duk da kuɗin ƙetare. Wannan shi ne mulkin mallakar da ya shiga har cikin madafa. Amma gaskiya ɗaya ce, babu kamfanin da ya ɗaure hannun kowa ya ɗura masa. Talla suka yi, aka bi.

Kada wani ya ɗauka maganar ganye da hatsi hira ce ta tsofaffi. Su Turawan da ake kwaikwayo sun auna abin sun gani. A 1997 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka da ake kira DASH, inda aka sa mutane 459 a kan abinci iri daban-daban na tsawon mako takwas. Masu hawan jini da aka ba abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itace da nonon da aka rage wa mai, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin 11, ta ƙasa kuma da kimanin 5. Wannan ya yi kusa da aikin ƙwayar magani guda. Nonon da aka cire wa mai kuwa ai shi ne wanda 'yar Fulani ke kawowa a ƙwarya bayan ta kaɗe man shanu. A 2002 kuma wani binciken a Amurkan, a kan mutane fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa da suga, ya nuna waɗanda suka gyara cin abincinsu, suka rage ƙiba, suka riƙa tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, yayin da waɗanda aka ba ƙwayar metformin nasu ya ragu da kashi 31.

Game da hatsin gida, masana ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT, wadda ke da reshe a Kano da kuma kusa da Yamai, sun tattara bincike masu yawa a 2021 suka nuna cewa yawan cin gero da dawa da danginsu yana rage sugan jini da kashi 12 zuwa 15 cikin 100 ga masu ciwon. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Dalilin a fili yake. Hatsin da ba a surfe shi ƙarƙaf ba yana tafe da dusarsa, kuma dusar nan da zaren da ke cikin ganye da yauƙin kuɓewa suna rage saurin da suga ke shiga jini bayan an ci abinci. Farar shinkafa da burodi kuwa an riga an raba su da wannan, sai su narke nan take su kwarara cikin jini. Ganye da wake kuma suna da sinadarin fotashiyam wanda ke taimakon jiki ya fitar da gishirin da ya yi yawa. Ko zoɓo, an gwada shi a jami'ar Tufts ta Amurka a wani binciken da aka buga a 2010, kofi uku a rana na mako shida ya sauke lambar sama da kimanin 7. Amma fa zoɓon da ba suga, ba irin na leda da ake sayarwa a bakin makaranta ba.

Akwai wata gaskiyar da ba ta da daɗin ji. Ba duk abin gargajiya ne lafiya ba. Kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke sa gishiri ya hau da jini. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Fura da kunu ma idan aka cika musu suga sun tashi daga abin da ake magana. Kuma tuwon gero komai kyansa, mai suga ba zai ci malmala uku ya ce ai na gida ne ba. Abin da likitoci ke nunawa shi ne rabin kwano ya zama ganye, kwata wake ko kifi ko nama, kwata kuma tuwo. Dabino da zuma da rake da mangwaro duk ni'ima ce, amma suga ne, mai ciwon sai da lissafi.

A ɓangaren addini hujja ba ta ɓuya ba. A Suratul A'arafi aya ta 31 Allah (S.W.T) Ya halatta ci da sha Ya kuma hana wuce iyaka. A Suratu Abasa Ya umurci mutum ya yi duba ga abincinsa, sannan Ya lissafo ƙwayar hatsi da ganye da itatuwa da gonaki. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba da Tirmizi ya ruwaito ya nuna ciki shi ne mafi sharrin mazubin da ɗan Adam ke cikawa, ya kuma raba shi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa shukar da Musulmi ya yi, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare ta sadaka ce a gare shi. Malaman jihadin ƙasar Hausa ma ba su raba gyaran addini da gyaran jiki ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insan a kan abin da ya shafi addini da jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basur. Waɗannan ayoyi da hadisai duk ɗan Islamiyya ya karanta su. Matsalar ita ce ana biya su a allo a bar su a nan.

A nan ne maganar ta zo kan 'yan uwa matasa. Su ne masu share masallaci, su ne masu tsaron layi ranar wa'azi, su ne masu ba da jini a asibiti idan an yi kira, kuma Allah Ya saka da alheri. Amma da yawa daga cikinsu suna barin mahaifiya a gida da kumburin ƙafa da ciwon kai, ba su san lambar jininta ba, ba su san sunan ƙwayar da take sha ba, ba su san ta daina sha tun watan jiya don kuɗi ya yanke ba. Idan aka ce wa ɗayansu ya ɗauki garwa ya yi ban-ruwan zogale sai ya ga kamar an rage masa daraja, wai wannan aikin mata ne, kwaɗo kuma abincin talauci ne. Wane irin fahimta ne wannan? Biyayya ga iyaye tana bayan tauhidi kai tsaye a cikin Alƙur'ani. Saurayin da ke iya tsayuwar awa uku a rana yana tsaron taro, amma ya kasa minti ashirin da asuba yana ba fangali ruwa don mahaifinsa ya sami ganyen miya, to akwai gyara a lissafinsa. Kuma shi kansa ba tsira ya yi ba. Suga yana bin jini a dangi, kuma shayin da ake sha a shekara 22 ana biyan kuɗinsa a shekara 45.

Aikin ba ya neman hekta. Zogale yana son irin ƙasar Daura mai rairayi, yana jure fari, ana shuka shi da iri ko a dasa reshe, kuma cikin wata biyu zuwa uku a fara tsinkar ganye. Idan ana sare kansa yana kai ƙirjin mutum, sai ya yi rassa ya ba da ganye da yawa maimakon ya miƙe sama. Bishiya biyar ko shida a jikin katanga sun isa gida guda kwaɗo da miya. Alayyahu mako uku zuwa huɗu ake fara yanka. Kuɓewa wajen wata biyu. Yakuwa da rama da lalo ba su da wani fitina. Gidan da babu fili, tsohon buhun taki ko na siminti ya wadatar: a cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen kashin awaki, a huda gindinsa, a jera a inda rana ke samu. Babban abokin gaba a nan akuya ce, don haka wanda bai yi darni ko danga ba kafin ya shuka ya yi wa awakin unguwa noma. Ƙwari kuma a jiƙa ganyen darbejiya a fesa musu. Wannan ma wata riba ce ta noman gida, domin mai shi ya san abin da ya zuba. Ba a manta ba a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, kuma irin wannan waken ne ake ci a nan ba mai aunawa.

Za a ce ina ruwa? Tambaya ce mai kyau a garin da tarihinsa kansa ya faro daga wahalar ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu. Damina gajera ce a nan, rijiyoyi kuma suna nisa. To amma a tsaya a bakin kowane masallacin Juma'a a ga ruwan alwalar da ke kwarara a kwata yana tara sauro. Ruwa ne mai tsabta, babu sabulu a cikinsa. Ƙaramar magudana zuwa fili mai taku goma a bayan masallaci ko Islamiyya ta isa ta rayar da zogale da gwanda da lemon tsami. Haka ruwan wanke hatsi da na wanke ganye a gida. Ga waɗanda ke kusa da madatsun ruwa na Sabke da Daberam da sauran fadamu, 'yan uwa biyar ko goma suna iya haɗa kuɗi su kama fili a yi noman rani, a ware kaso na gidajen da ke da majinyata, a sayar da saura a mai da kuɗin mai da iri. Wanda ke ganin abin ba zai yiwu ba ya tsallaka Kwangwalam ya shiga ƙasar Matamaye ya ga lambuna, ko ya je Jiratawa kusa da Maraɗi inda zogale ya zama sana'ar da ake loda wa motoci. Ƙasarsu ba ta fi ta Daura ruwan sama ba, kuma Hausawa ne 'yan uwa, iyakar Bature ce kawai ta raba.

Wani kuma zai ce, ana fama da abin da za a sa a baki, wa ke zancen zaɓen abinci? Wannan ma gaskiya ne, kuma mai zafi. Ƙungiyar likitocin MSF ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa a watanni shida na farkon 2025. Sai dai lambun tsakar gida ba kishiyar wannan ba ne. Ganyen zogalen da ke taimakon kaka mai hawan jini shi ne ke ƙara wa jikanta abin gina jiki a cikin kununsa. Kuma kuɗin da ke tafiya wajen magi da lemo da suga a mako, idan aka tara, ya sayi mudun wake.

Saura gargaɗi, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci. Zogale ba ya warkar da ciwon suga. Tafarnuwa ba ta warkar da hawan jini. Waɗannan cututtuka ne da ake zama da su ana lallaɓa su, abinci yana taimakon magani, magani yana taimakon abinci. Masu yawo da lasifika a kasuwanni da tashoshin mota suna rantsuwa cewa garinsu na kwana bakwai zai raba mutum da suga har abada, wasu ma suna fakewa da sunan maganin Musulunci suna jawo ayoyi, waɗannan suna wasa da rayukan bayin Allah. Mutane da yawa sun ajiye ƙwayarsu saboda irin wannan magana, suka dawo asibiti a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Manzon Allah (S.A.W) ya yi umurni da neman magani, kuma ya haramta yaudara a ciniki. Akwai ma nau'in suga da ke kama yara da matasa, wanda jiki ke daina yin insulin gaba ɗaya. Mai irin wannan idan ya bar allura don ganye, kwanaki kaɗan ne tsakaninsa da kabari. Wanda kuma ƙodarsa ta riga ta taɓu, yawan ganye da wake na iya cutar da shi saboda fotashiyam ɗin da ƙodar ta kasa fitarwa, don haka shi sai abin da likita ya tsara masa. Haka azumin mai suga, a tambayi likita tun kafin watan ya kama, domin shari'a ta yi rangwame ga mara lafiya.

Daura tana da makarantar koyon aikin lafiya, kuma a cikin 'yan uwa akwai ɗalibanta da waɗanda suka gama. Ma'aunin hawan jini guda ɗaya da na suga guda ɗaya, idan reshe ya yi karo-karo ya saya, sun isa a riƙa auna dattawa a inuwar masallaci bayan an sauko Juma'a. Wanda aka ga jininsa ya kai 140 bisa 90 ko fiye a awo biyu a ranaku daban-daban, ko sugansa ya kai 126 da safe kafin ya ci komai, a raka shi asibiti, kada a tsaya ba shi shawara a tabarma. Kowane majinyaci a yi masa ɗan littafi a riƙa rubuta kwanan wata da lamba, ɗansa ya riƙe ya tafi da shi ranar ganin likita. Idan miya ta gyaru, magi ya ragu, lambar ta fara sauka, likitan ne zai duba littafin ya rage ƙwayar da hannunsa. Ɗa ba ya rage wa mahaifinsa magani don ya ga ya ji sauƙi.